Cin Kasuwa da Ido a Kantin Kwari

Kasuwar Kantin Kwari, wadda take cikin ƙaramar hukumar Fagge a birnin Kano, ita ce babbar matattarar cinikin yadi da atamfa da shadda a Arewacin Nijeriya, kuma daga cikinta ne fatake suke sarin kayan da suke kaiwa Maraɗi da Damagaram da Agadas, da Njamena ta ƙasar Cadi, da Marwa da Garwa a arewacin Kamaru. Ban da masu sari da masu sayen ɗai-ɗai, akwai wani rukunin masu shiga kasuwar da ba a cika lissafawa da su ba, saboda sau da yawa sukan fita hannu rabbana, alhali kuwa sun sami abin da ya kawo su. A cikinsu akwai teloli da masu surfani, da masu tanadar suturar 'yan fim, da matan da suke shirin jeren ɗakin amarya, kuma abin da suke nema shi ne zubi, wato tsarin zane da launin da ke jikin tufa, wanda daga gare shi ne tunanin ɗinki ko na adon ɗaki yake tasowa.

Kafin a san da Kwari, kasuwar Kurmi ce cibiyar tufafin Kano. An kafa ta a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma a lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851 ya tarar da saƙa da rini sun zama ƙashin bayan arzikin garin, ana kai tufafinsa har Tambutu da Tarabulus. Zuwan jirgin ƙasa a 1911 ya sauya alƙiblar ciniki zuwa wajen ganuwa, inda kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, su kuma Kwarori, wato 'yan kasuwar Labanan da Sham, suka zauna a yankin da a yau ya zama Kwari, suna kwana a saman bene suna ciniki a ƙasa. Dokar da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972, wadda ta keɓe wa 'yan ƙasa wasu nau'o'in kasuwanci, tana cikin dalilan da suka sa kantunan suka riƙa komawa hannun Hausawa, kuma har yanzu ana kiran manyan gine-ginen kasuwar da sunan gida, ko da kuwa shaguna ɗari ne a ciki babu ɗakin kwana ko ɗaya.

Yadda ake jera kaya a shagon atamfa ya isa darasi ga mai koyon haɗa launi. Ana linke kowane turmi, wato yadi shida da ake sayarwa a dunƙule, a ɗora shi bisa ɗan'uwansa daga ƙasa har rufi, ta yadda abin da ido yake gani daga kowane ɗaya bai wuce faɗin yatsu kaɗan ba. A wannan mataki launi kaɗai ake gani, kuma gogaggen ɗan kasuwa ba ya haɗa masu kama da juna wuri guda, sai ya sa ruwan ƙwai kusa da shuɗi, makuba kusa da ruwan toka, don kowane ya fito da ɗan'uwansa. Tela mai lura yakan ɗauki haɗin launin da zai yi amfani da shi tun daga wannan jeri, kafin yaron shago ya zaro turmin ya warware. Idan an warware, sai kallo na biyu ya fara, wanda ya fi na farko wuya, domin a nan ne ake auna girman fure ko ganye ko tsuntsun da ke jiki, da tazarar da ke tsakanin maimaicinsa, da inda ya fuskanta. Yadi shidan nan dole su fitar da riga da zani ko siket da ɗankwali, saboda haka zubi mai manyan zane yakan tilasta wa tela ɗinki mai sauƙin yanka wanda zai bar zanen ya zauna a tsakiyar ƙirji ko bakin hannu ba tare da almakashi ya raba shi biyu ba, shi kuwa mai ƙananan zane yana karɓar tattara da yanke-yanke. A zahiri atamfar ce take zaɓar ɗinkinta, kuma telan da ya yi mata gardama aikinsa yakan tona masa asiri.

Ita kanta atamfar baƙuwa ce da ta zama 'yar gari. Asalinta kwaikwayon batik ne na tsibirin Jaba a Indunusiya, inda ake shafa kakin zuma a kan yadi don hana rini shiga wasu wurare, kuma kamfanonin Holan da Ingila ne suka mayar da wannan aikin hannu na inji a ƙarni na 19. Kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846, shi ne mai yin wadda ake kira Holan da Sufa, kuma ana gane ta asali da cewa fuskokinta biyu kusan ɗaya ne, da 'yan tsage-tsagen launi da suke samuwa inda kakin ya fashe. Kodebuwa kuwa sunan ƙasar da ake buga ta ta ɗauka. Shadda wata duniya ce dabam, domin zanenta a cikin saƙar yake, launinsa ɗaya da na jikin yadin, ba ya bayyana sai an karkata shi ga haske. Gezna, wadda ta samo sunanta daga kamfanin Getzner na garin Bludenz a Ostiriya, ita ce ake auna sauran da ita, kuma mai surfani yakan daɗe yana jujjuya ta kafin ya yanke shawarar zaren da zai hau kanta, ko mai saje da ita ko mai tashi, da kuma ko za ta ɗauki tsohon aiki irin aska biyu ko aska takwas, wato dogayen zane masu tsini da suke saukowa daga wuyan babbar riga zuwa aljihu.

Mai shiga Kwari neman sabon zubi yakan ɗauka cewa daga waje ake kawo masa yayi, amma lamarin zagaye ne. Tun bayan durƙushewar masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda suka haɗa da Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 da UNTL da ta tsaya da aiki a 2007, akasarin kayan kasuwar daga Sin suke zuwa, kuma manyan 'yan kasuwar Kano ba jiran abin da aka bugo suke yi ba. Sukan lura da abin da mata suka fi ɗauka, da launin da ya yi kwantai, da abin da aka gani a manyan bukukuwa, sannan su aika da samfuri zuwa masana'antun da suke hulɗa da su ta Guangzhou da Shaoxing, a sauya launi, a rage girman fure, a bugo musu dila-dila kafin azumi. Anko, wato tufa iri ɗaya da dangi da ƙawaye suke ɗinkawa don biki, shi ne ma'aunin da ya fi saurin nuna inda ido ya karkata, tun da zaɓin amarya guda yana iya jawo sayen turmi masu yawa, kuma duk wadda ta halarci bikin ta ga zubin a jikin mutane daban-daban, doguwa da gajera, fara da baƙa. Illar wannan tsari ita ce kwaikwayo ya fi ƙirƙira riba: zubin Holan yana fita, na Sin mai kama da shi yana biyo bayansa da araha, kuma matashin da ya iya zane a Kano ba shi da masaƙar da za ta buga masa nasa.

Mai tanadar suturar fim yana kallon kaya da idon kyamara, wanda ba ya yafe abin da idon mutum yake yafewa. Farar shadda mai ƙyalli takan mayar da hasken fitila har fuskar jarumi ta yi duhu, yadi mai siraran layuka kuma yakan yi rawa a allo, don haka abin da ya burge a shago yana iya zama matsala a wurin ɗauka. Ga labarin zamani, irin na Daɗin Kowa ko Labarina, Kwari ta wadatar, kuma abin da jaruma ta saka yakan dawo kasuwar a matsayin hoto cikin wayar mai saye. Labarin da aka gina a kan zamanin da kuwa yana buƙatar a tsallaka cikin gari zuwa Kurmi, inda ake samun saƙi da tsamiya da rawani da alkyabba, ko zuwa marinar Ƙofar Mata, ko garin Kura da ya shahara da turkuɗi, wato baƙin yadi mai sheƙi da ake rinawa da baba a buge shi da shuni, wanda Buzaye suke naɗawa. Hawan Daushe da Hawan Nassarawa su ma makaranta ce ta kyauta ga mai son ganin yadda ake ɗora launi bisa launi a jikin mutum da doki. Duk da haka ba a rasa fim ɗin da yake nuna sarkin ƙarnin da ya wuce sanye da yadin roba mai walƙiya, kuma wannan ba rashin kuɗi ba ne kaɗai, har da rashin zuwa kallo inda ya dace.

Adon ɗaki ya bi sawun sutura. A da, darajar ɗakin amarya tana cikin jere, wato tasoshi da kwalla da fanteka da 'yan jere suke shiryawa a bango da cikin kabet, har ɗakin ya zama kamar an zana shi, kamar yadda magina suke yi wa fuskar gida ado da dagi da sauran zanen da ake gani a wuyan riga. A yau nauyin ya koma kan labule da zanin gado da kafet da yadin kujeru, kuma a sassan Kwari da ake sayar da waɗannan ana rataye labule a tsaye, da tattararsa da na shara-shara a bayansa, don mai saye ta ga yadda zai zuba a taga. Masu hikima cikin masu ƙawata ɗaki daga labulen suke farawa, su karɓi ɗan ƙyalle su tafi da shi wurin mai fenti da kafinta, domin haɗa fenti ya dace da yadi ya fi sauƙi a kan neman yadin da zai dace da bangon da aka riga aka shafe.

Wayar hannu ta shigo cikin wannan harka da ƙarfi, kuma shaguna da yawa suna tura hotunan sababbin kaya ta WhatsApp da Instagram da TikTok, har mace a Kumasi ko Yamai tana iya zaɓar ankonta ba tare da ta taka Kano ba. Sai dai hoto yana isar da zane ne kawai, ba ya isar da nauyin yadi, ko taurinsa, ko ƙarar da shadda take yi idan an murza ta, ko yawan sitacin da zai zube a wankin farko, kuma launin da allon waya yake nunawa ya danganta da fitilar da aka ɗauki hoton a ƙarƙashinta. Shagunan cikin gidajen Kwari da yawa ba sa ganin rana, da fararen ƙwayaye ake haska su, waɗanda suke sa shuɗi mai duhu ya yi kama da baƙi, ruwan hoda ya yi kama da fari. Shi ya sa tsofaffin teloli da uwayen amare, idan ciniki ya kusa faɗawa, sukan nemi a ba su turmin su fita da shi bakin layi, yaron shago yana biye da su, su buɗe falle ɗaya a rana, su ɗora ƙyallen mayafi ko zaren surfani a kai, sannan su koma ciki a yi maganar kuɗi.