Laifin Maye A Gaban Alƙali: A Amsa Ko A Musa?

Wanda ya ƙetare kogin Kaduna ya yi kudu, ya bi hanyar Kachia wajen matatar man da aka buɗe a 1980, zai iske Mahuta a ƙasar Chikun. Unguwa ce ta ma'aikata da 'yan kasuwa daga kabilu dabam dabam. A irin wannan wuri, kamar ko'ina cikin manyan garuruwa, 'yan sanda su kan kama mutum da dare cikin maye, kashegari sai kotu. To, a ce wanda aka kama akawu ne ko malamin makaranta. An karanta masa laifinsa, alƙali ya tambaye shi ko ya amsa ko bai amsa ba. Me ya kamata ya ce?

Yawancin mutane su kan amsa nan take, domin kunya ta ishe su, su na so su biya tara su ɓace kafin labari ya kai ofis. Amma sauri ya kan haifi nawa. Kafin mutum ya buɗe baki, wajibi ne ya san dokar da aka kama shi da ita, da kotun da ya ke tsaye a gabanta, da abin da zai biyo bayan hukunci.

Asalin dokar ya na da tarihi. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira wani kwamitin masana shari'a, shugabansa Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Bisa shawararsu aka tsara dokar Final Kod a 1959, ta fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. Wannan doka ta rarrabe laifin giya. Sashe na 401 ya yi magana a kan wanda aka samu cikin maye a bainar jama'a, ko wane ne shi, ko mene ne addininsa. Sashe na 403 kuwa Musulmi kaɗai ya shafa, watau in ya sha abin da ke da giya ba don magani ba, hukuncinsa ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko tarar da ba ta wuce fam biyar ba, ko duka biyu. Har ila yau an yarda a ƙara wa Musulmi bulalar haddi, wadda aka tsara ta don kunyatarwa, ba don raunata jiki ba.

A wancan zamani kotunan alƙalai na hannun En'e, lauya kuma ba ya tsayawa a cikinsu. A 1968 gwamnati ta karɓe su. A Nuwamba 2001, bayan rikicin Kaduna na 2000, gwamnatin Ahmed Makarfi ta kafa kotunan Shari'a domin Musulmi da kotunan gargajiya, ga kuma na majistare. A 2017 Jihar Kaduna ta sake sabuwar dokar laifuffuka da sabuwar dokar tafiyar da shari'arsu. Saboda haka kada kowa ya dogara da lambar sashe ko yawan tarar da ya ji a bakin tsofaffi. Ya nemi a karanta masa abin da aka rubuta a takardar ƙara.

Bambancin kotu ba ƙarami ba ne. A gaban majistare, abin da mai ƙara zai tabbatar shi ne an sami mutum cikin maye a inda doka ta hana. A shari'ar Musulunci kuwa shan kansa shi ne laifin, haddinsa a mazhabar Malikiyya bulala 80. A na tabbatar da shi da iƙirarin mai laifi, ko shaidu biyu adalai, har da shaidar warin giya a bakinsa. Malamai kuma sun ce wanda ya janye iƙirarinsa a laifin haddi a na karɓar janyewar.

Sai abin da ya fi shafar mai albashi. Tara a kan biya ta a rana ɗaya, amma suna ya shiga littafin kotu ke nan. Ƙa'idodin aikin gwamnatin tarayya sun lasafta hukuncin kotu a kan laifi cikin manyan laifuffukan ma'aikaci, in ban da ƙanana irin na tuƙi ko tsabtar gari, kuma ya na iya kai mutum ga kora. Wanda ya amsa laifi da bakinsa kuma ya ƙuntata wa kansa hanyar ɗaukaka ƙara. Baki shi ke yanka wuya.

Wannan ba ya nufin kowa ya musa. In mutum ya san ya aikata, ga shaidu a tsaye, gardama ba za ta ƙara masa kome ba sai zaryar kotu, da kuɗin lauya, da fashin aiki, har abin da ya ke ɓoyewa ya bazu. Gara ya amsa, ya roƙi sassauci, ya bayyana cewa wannan ne karonsa na fari, ga iyali ga aiki. Alƙali na da ikon sauƙaƙa wa irin wannan. Amma in bai yi maye ba, ko ba a inda aka ce aka kama shi ba, kada kunya ta sa ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce marar laifi ne shi sai an tabbatar, ya na da hakkin tafinta kyauta, da lokacin shirya kariya, da lauyan da ya zaɓa. Marar hali ya na iya neman Hukumar Taimakon Shari'a wadda aka kafa a 1976.

Hanya ɗaya ce ba mu ba kowa shawarar bi ba, watau kashe magana da toshiyar baki a caji ofis. Mai yin haka ya sayar da ƙaramin laifi ya sayi babba.

Wanda tsautsayi ya kai shi gaban alƙali, ya roƙi a ɗaga shari'ar, ya nemi beli, ya shawarci masanin doka, sa'an nan ya zaɓi amsarsa da idonsa biyu. Ku kuwa akawuna da malamai, ku ne maƙwabta ke kawo wa takarda ku karanta musu, sai ku sanar da su wannan. Allah Ya kiyashe mu da abin kunya, amin.