Gizo, Leda da Akuyar Kaka

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci ranar kasuwa a Boɗinga ko Shagari, wataƙila ya ga abin da na gani: an farke tumbin akuya, sai ga dunƙulen baƙar leda ya cure kamar tsumma. Dabbar tana kiwo kullum amma tana ramewa, mai ita na zargin sammore, ashe ciki ne ya cushe da abin da ba ya narkewa. Yaron da ke tsaye gefena ya tambaya, "Baba, wa ya ba ta?" Mahaucin ya yi dariya ya ce, "Mu duka."

Tun ranar nake tunanin ga labari a hannunmu, mun rasa mai ba da shi.

Yaranmu na ƙauye, a Mandera da maƙwabtanta, ba baƙi ba ne wajen sabunta tsohon abu. Su ke ƙera mota da gwangwanin madara, su yanka tayoyinta daga tsohon silifa, su ɗaure leda da tsumma su yi ƙwallo. Sun ga fitilar aci-balbal, sun ga takalmin taya, sun ga ƴan gwangwan suna auna ƙarfe da roba su biya kuɗi. Abin da ba su taɓa ji ba shi ne labarin da yaro irinsu ne jarumi, wannan basirar tasa kuma ita ce makaminsa.

Ba sai mun yi aro daga nesa ba. Abubakar Imam ya sa Alhaji Imam yawon duniya neman magani a Ruwan Bagaja tun 1934, Umaru Dembo kuma ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. A nan gida ma, Shehu Shagari yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948 don ɗalibai su riƙe labarin ƙasa ba tare da bulala ba. Ya gane abin da ya shiga ta daɗin kunne ya fi zama.

Sai dai akwai tarko. Yawancin abin da ake rubuta wa yara kan tsafta wa'azi ne aka sa wa rigar labari: yaron kirki ya share gida, malam ya yaba masa, shi ke nan. Yaro na jin ƙanshin nasiha zai fara hamma. Gizo bai taɓa yi wa kowa nasiha ba. Kwaɗayi ne ke kai shi ya baro shi, yara su yi ta dariya, darasin ya shige ba su sani ba. To, a bar Gizo ya toshe magudanar gari da ledar ruwa don kada ya wahala zuwa juji, damina ta sauka, ruwa ya fara da ɗakin Ƙoƙi. Ko a tura yarinya da ƙanenta neman akuyar kakarsu, su bi sawu har inda rairayi ya cinye gona, su tarar da tsohon da ke rainon dashen dogonyaro cikin ledojin da ya tsinto.

Wannan tsohon ba almara ba ne gaba ɗaya. Sakkwato na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa ya ratsa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada. Batun leda kuwa, Ruwanda ta hana ledar sayayya a 2008, Kenya a 2017. Mu har yanzu ko tsire ka saya sai an ninka maka leda biyu.

Kuma ba dole sai littafi ba. Malamin firamare na iya ba da labarin a aji, Gidan Rediyon Rima na iya sa shi bayan isha'i, lokacin da kakanni suka saba, tunda an ce mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Washegari sai a ce kowane yaro ya zo da ledar ruwa biyar, a cika su da ƙasa da taki, a huda gindinsu, a sa iri.