Atuni mai jini a Arlit: ba yuraniyom ba ne, kuma yana da magani

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp tsakanin mutanen Arlit da Akokan. Mai maganar, wanda bai faɗi sunansa ba balle sana'arsa, ya jero abu uku: wai atunin da ake fama da shi wata ƙwaya ce mai cin ƙwaƙwalwa, wai lemun tsami da kanwa na kashe ta, wai kuma jinin da ake gani a bayan gida gubar yuraniyom ce ke cin hanji, don haka zuwa likita asarar kuɗi ce, a sayi ƙwayar tsayar da zawo a haƙura. Ko kan magana ɗaya ya kasa tsayawa. Amibar da aka sani da cin ƙwaƙwalwa, Naegleria fowleri, halitta ce dabam, ta hanci take shiga wurin wanka a ruwa mai ɗumi, kuma ba ta sa atuni. Abin da tsamin cikin mutum bai narkar ba kuwa, ba lemu ne zai narkar da shi ba. Magana ta uku ita ce mai kai mutum kabari.

Wanda ya gaskata ta ba wawa ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙar yuraniyom a 1971, mahaƙar COMINAK ta yi aiki daga 1978 har aka rufe ta a watan Maris na 2021, ta bar tarin dattin ma'adini wajen tan miliyan 20 kusa da Akokan. Cibiyar CRIIRAD ta Faransa ta fara aune-aune a garin a 2003, kuma rahoton Greenpeace na 2010 ya ce a samfur huɗu cikin biyar na ruwan da aka ɗiba, yuraniyom ya zarce iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙungiyar Aghir In'man ta Almoustapha Alhacen ta shafe shekaru tana kuka a kan haka. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai yuraniyom da ke cikin ruwan sha ƙoda yake fi taɓawa, a hankali cikin shekaru, iskar radon kuma huhu take lalatawa. Kafin tururin nukiliya ya sa hanji zubar da jini cikin ƴan kwanaki, sai irin wanda ya bugi ƴan kwana-kwanan Chernobyl a 1986. Kuma likita Fyodor Lösch ya ga amiba a bayan gidan wani mai atuni a birnin St. Petersburg tun 1875, shekara 21 kafin Becquerel ya gano cewa yuraniyom na fitar da tururi. Har yau cutar na addabar Meziko da Bangaladash, a unguwannin da ba a taɓa haƙar yuraniyom ba.

Sunan amibar da ke kawo atuni Entamoeba histolytica. Tana fita daga jikin mai ɗauke da ita cikin bayan gida, a naɗe cikin ɓawo mai tauri, ta bi hannu, ko ƙuda, ko salatin da aka yi wa ban-ruwa da ruwa mai najasa, ko jarkar da ba a wanke ba. In an haɗiye ta sai ɓawon ya fashe a ƙaramin hanji, ta gangara babban hanji ta zauna. A yawancin mutane nan take tsayawa, ba su ma san da ita ba, suna dai yaɗa ta. A wasu kuwa sai ta narkar da majinar da ke lulluɓe bangon hanji da wasu sinadarai masu sassaƙe nama, ta manne wa ƙwayoyin halittar bangon. A 2014 Katherine Ralston da William Petri na Jami'ar Virginia sun nuna a mujallar Nature cewa gutsurar ƙwayar halittar take yi tana da rai, gutsure bayan gutsure, har ta mutu, sannan ta koma kan ta gaba. Daga baya ɗakin binciken Ralston a Kalifoniya ya gano cewa tana shafa wa jikinta sinadaran da ta gutsuro, sai garkuwar jini ta kasa fasa ta. Gyambon da take haƙawa kamar tulu yake, baki ƙarami ciki faffaɗa, kuma daga nan jini da majina da murɗar ciki ke fitowa.

Haɗarin ya wuce hanji. Amiba na iya bin jijiyar jini ta isa hanta, ta narkar da nama ya zama kogo cike da ruwa mai kauri launin ƙasa-ƙasa. Wannan ƙurjin hanta ya fi kama maza masu ƙarfi, ninki wajen goma a kan mata, kuma yakan bayyana watanni bayan an manta da atunin: zazzaɓi, rama, ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Tsohon ma'aikacin rami da ya ji haka zai ce yuraniyom ne ya cim masa, ya kwanta yana jiran ajali, alhali ƙurjin na warkewa da magani in bai fashe ba. Shawarar ƙwayar tsayar da zawo irin loperamide kuma mugunta ce ko jahilci, domin tana kulle cutar a ciki. Ƙwayoyin ƙiba na dexamethasone da ake kira "sha ka fashe" sun fi muni, suna karya garkuwar jiki har hanji ya kai ga hujewa.

Wani zai ce asibitocin kamfani an daɗe ana zarginsu da ɓoye cututtukan aiki, to don me za a yarda da likita? Amsar ita ce awon amiba ba ya buƙatar amincewa da kamfani. Asibitin gwamnati a Arlit ko a Agadas na iya duba bayan gida a madubin likita, hoton ciki kuma na nuna ƙurjin hanta. Ba kuma kowane zawo mai jini ne amiba ba. Ƙwayar Shigella na kawo shi sosai, musamman ga yara, maganinta dabam ne, kuma akwai wata amiba marar cutarwa, Entamoeba dispar, mai kama da ita sak a madubi. Shi ya sa sayen ƙwayar Flagyl a tiren mai talla ba hanya ba ce. In likita ya tabbatar, yakan ba da metronidazole ko tinidazole, sannan wani magani irin paromomycin da zai share waɗanda suka rage a hanji, don kada cutar ta dawo ko ta kama iyali. Kafin a isa, a riƙa shan ruwan gishiri da sukari. A gida kuma a tafasa ruwan sha, domin ɗan jabel ɗin da ake ɗigawa ba ya kashe mai ɓawo, a wanke hannu da sabulu bayan an fito daga makewayi da kafin a taɓa abinci.

Haƙƙin mutanen Arlit a kan ruwansu da iskarsu yana nan, kuma da hujja mai ƙarfi ake karɓarsa. Jingina wa yuraniyom cutar da ba tasa ba yana raunana wannan hujja, yana kuma hana mai atuni maganin da zai tashe shi cikin kwanaki. Duk wanda saƙon ya iso masa, kada ya tura gaba, wanda ya ga jini kuma ya tafi a auna shi yau.