Bayan Saki, Wa Ke da Haƙƙin Riƙon Yaro?

A yawancin garuruwan ƙasar Hausa, idan aure ya mutu ba a tsayawa muhawara kan makomar yara. Na goye ya bi uwarsa, da zarar an yaye shi a aiko a ɗauke shi, ya koma hannun matar uba, ko kaka, ko wata gwaggo. Manyan kuwa, tun ranar da uwarsu ta kwashe kayanta ake tsayar da su a gidan ubansu. Ana cewa ɗa na uba ne da irin tabbacin da ake faɗin hukuncin addini, har ita matar ba ta ganin tana da bakin magana. Alhali kuwa wannan al'ada ce, kuma ta saɓa wa fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure, alƙalanmu ke yanke hukunci da shi.

Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam duk sun bai wa uwa hadana, wato riƙon yaro da renonsa, bayan rabuwar aure: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu, ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon ba ya faɗawa kan uba kai tsaye. Kakar yaron ta wajen uwa ce ke gaba, sannan 'yar'uwar uwar, kafin a waiwayo dangin uba. Wannan ba ƙirƙirar malaman baya ba ce. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya tarar da ɗansa Asim, wanda shi Umar ya rabu da uwarsa, yana wasa a Ƙuba, ya ɗora shi bisa dabbarsa zai tafi da shi. Kakar yaron ta cim masa ta hana, aka je gaban Halifa Abubakar, ya ce a bar mata yaron, Umar bai ƙara ko kalma ba. Dokar ƙasa ma ba ta toshe wannan hanya ba, domin sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya sanya aure da saki da kula da ƙananan yara na Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a.

Masu kare al'adar suna da hujjojinsu, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Suna cewa wanda ke ciyarwa shi ya fi cancantar riƙo, kuma yaron da ya tashi nesa da ubansa zai rasa kwaɓa, ko ya ƙare agola a gidan wani. Amsar ita ce Shari'a ba ta ƙwace wa uba ɗansa ba. Sunansa yaron ke amsawa, shi ke lura da karatunsa da tarbiyyarsa, shi ne waliyyin 'yarsa ranar aure, yana kuma ganin yaransa. Ci da sha da sutura da magani kuwa wajibinsa ne a duk inda yaron yake, ba lada ba ne da ake biyansa da riƙo. Haƙƙin uwar ma yana da sharuɗɗa: hankali, amana, lafiya da wurin zama mai tsaro, kuma idan uban zai ƙaura ya zauna a gari mai nisa, yana iya tafiya da ɗansa. Batun agolanci kuwa, jerin da ya sa kaka gaba ai shi ya zo magancewa. Abin da masu wannan hujja ba sa son dubawa shi ne halin ɗan shekara biyu da aka raba da uwarsa, aka miƙa wa kishiyarta da ke fama da nata 'ya'yan, uban kuma yana kasuwa tun safe har dare.

Hujja mafi nauyi ita ce talauci. Bazawarar da ta koma gidan iyayenta da yara uku, uban kuma ya ɗauke hannu, dole ta mayar da su ko ranta bai so. Ga kunyar a ce ta kai uban 'ya'yanta ƙara, ga kuɗin ciyarwa da kotu kan yanke amma ba a bibiyar biyansu. A ganina nan ne gyara ya fi gaggawa. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta rubuta dokar iyali a 2004 ta fayyace jerin masu riƙo, ta kuma bai wa yaron da ya kai shekara 15 damar zaɓar wanda zai zauna wurinsa. A Kano ma Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya taso da batun rubutacciyar dokar iyali a 2017. Kafin a kai ga haka, waliyyai da limamai da masu unguwa na iya tsayawa a rubuta, tun ranar da aka ba da takardar saki, wanda zai riƙi yaran, nawa uban zai riƙa aikowa duk wata, da kwanakin da za su riƙa zuwa gidansa.