Ko Kun Sani? Sirrin Babbar Tsirkiyar Garaya

Ko kun san cewa amon garaya da molo mai ratsa ƙirji daga tsirkiya mai kauri yake fitowa? Gwargwadon kaurin tsirkiya da tsawonta, gwargwadon zurfin muryarta. In aka ɗaure ta tamau kuma sai ta yi zaƙi.

A da, jijiyar dabba ko fata ake murzawa a yi tsirkiya. Amonta na da daɗi, amma tana shan danshi ta saki. Wannan ta kasance babbar matsala ga makaɗan zangon Nima da Maamobi na Akara, domin birnin a bakin teku yake. Shi ya sa yau aka fi amfani da igiyar nailon ta masunta, wadda danshi bai cika taɓa ta ba. Haka ma masu kologo, garayar ƙabilar Frafra mai tsirkiya biyu da mawaƙi King Ayisoba ya kai Turai.



Wajen zaɓen tsirkiya, a nemi igiya mai kauri bai ɗaya, marar kaushi. Sabuwa takan miƙe na 'yan kwanaki, don haka a ɗaura ta tun kafin ranar biki.