Ranar da Babbar Ganga Ta Fashe a Gaban Rumfa

Ina aji biyar na firamare, a wani gari cikin ƙaramar hukumar Kiru, aka rataya mini babbar gangar makarantarmu. Kafaɗa aka duba, don na fi sauran yaran ƙira. Mai koya mana badujala wani tsohon soja ne da ya dawo gida yana noman dawa da masara. Baba muke ce masa, mu da malamanmu duka. Sati uku muka yi muna taka fili bayan la'asar, yana biye da mu da ɗan karansa yana "lef, rai, lef, rai", saboda faretin Ranar Yara na 27 ga Mayu.

Daren ranar aka tafka ruwa, irin na farkon damina mai zuwa da iska. Gangar tana jingine a ofis, kusa da tagar da ba ta da murfi. Da safe Baba ya ƙwanƙwasa fatar da ɗan yatsa, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce a samo kara a hura wuta a ɗan gasa ta. Karan duk ya jiƙe, ga mota tana jira, aka ce mu hau kawai.

Da layi ya zo kanmu, gangar ba ta da amo. In na doka sai ta ce "buf", kamar an jefar da buhun dusa. Na ga na baya ba sa ji, sai na ƙara ƙarfi. Muna isa daidai rumfar manyan baƙi, inda ake juya kai dama a sara wa ciyaman da hakimi, gula ta shige cikin gangar har wuyan hannuna. Taku biyar ko shida aka yi babu kiɗa. Sahun gaba ya tsaya, na baya ya hau shi, filin ya ɗauki ihu da dariya. Cikin hayaniyar nan na jiyo muryar Baba daga bakin igiya: "Ɗaya fuskar, yaro! Ɗaya fuskar!" Na zaro gular, na mayar da ita hannun hagu, na ci gaba da dukan fuskar da ta rage, ina kuka, har muka fita daga fili.

Shekaru sun ja, ni ma na zama malami, na riƙe 'yan badujala a yankin Tudun Wada, na kuma kalli fareti a Bebeji da Doguwa ban san adadi ba. Abin da na lura da shi shi ne, in aka bi sawun kusan duk wani abin kunya da ya faru a filin fareti, za a tarar ya samo tushe tun kafin yaron ya shiga fili. Yaron dai shi ne a tsaye a gaban jama'a, shi ya sa shi ake tunawa.

Badujala baƙuwa ce a ƙasar nan, kodayake ta daɗe har ta zama 'yar gida. Kakaki da algaita da tambari na sarauta ne, su muka gada. Begila da gangar maci kuwa sojan Turawa ne suka zo da su. Mutanen Bebeji suna cikin na farko da suka ji su a ƙasar Kano, kuma ba a wurin biki ba. A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta ci Bebeji da yaƙi a hanya, sannan ta shiga birnin Kano ran 3 ga Fabrairu. Rundunonin wancan zamani da busa ake tashe su, da busa ake tara su, da busa ake ce musu su kwanta. Daga bariki abin ya shiga wurin 'yan sanda da makarantu, da 'yan sikawut, da ƙungiyar Boys' Brigade ta majami'u, har da wasu ƙungiyoyin 'yan agaji da ke fita zagayen Mauludi. Tsofaffin sojoji irin Baba su suka kai shi ƙauyuka.

Ganga ta fata tana da rai irin nata. Danshi yana sa ta saki, zafi yana sa ta ɗame. Ranakun faretinmu biyu kuwa, 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba, ɗaya a bakin damina take, ɗaya a ƙarshenta. A kudancin Kano abin ya fi tsanani, don ruwa yana riga sauka a wajen Doguwa da dajin Falgore kafin ya isa birni, garuruwan da ke kewaye da madatsar Tiga kuma raɓarsu ta safe kaɗai ta isa ta kashe amon ganga. Makaɗan gargajiya sun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa za ka ga mai ganga yana kara ta a wuta ko yana shanya ta kafin a fara. Ɗan firamare bai sani ba, kuma sau da yawa babu wanda ya gaya masa. Yanzu gangunan roba sun yawaita, su ruwa bai dame su ba, amma rana tana cinye su, wata rana sai su tsage ba sallama.

Begila kuwa ta fi ganga tona asiri. Bututun tagulla ne kawai da aka naɗe, ba ta da maɓalli ko rami ko ɗaya. Da leɓe ake fitar da kowace murya, kuma muryoyin da ake samu a cikinta ba su wuce biyar ba ga yawancin masu busa. In leɓe ya ɗan kauce, maimakon muryar da ake nema sai ta sama ko ta ƙasa ta fito, ko wani kuka kamar na ɗan akuya. Yaron da leɓensa ya tsage da hunturu, irin sanyin da ake yi a Riruwai tsakanin duwatsu, ba zai iya riƙe murya ba komai ƙwarewarsa. Haka wanda ya yi awa uku a rana makogwaronsa ya bushe. Akwai shekarar da wani ɗalibina, wanda ya fi kowa iyawa, ya ɗaga begila don busar buɗe taro, ya kumbura kumatu, jijiyoyin wuya suka tashi, ko ƙis bai fito ba. Mun karɓo aron begilar ne da safiyar ranar daga wata makaranta, inda take rataye tun Oktoban bara. Da muka zura tsinke, sai ga ƙasa tana zubowa: zanzaro ne ya yi gini a ciki. Yaron nan har ya gama makaranta bai sake yarda ya taɓa begila ba, alhali laifin nawa ne da ban gwada ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, na san karin maganar, amma ranar ban yi aiki da ita ba.

Akwai wani kuskuren da na daɗe ina dukan yara a kansa kafin na gane ba nasu ba ne, kuma har yau abin yana damuna. Za ka ga sahun gaba suna tafiya daidai da ganga, na can baya kuwa kullum ƙafarsu a makare. Sai a ce ba sa mai da hankali. Gaskiyar magana sauti tafiya yake yi, kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. Maci na yau da kullum taku 120 ne a minti, wato kowane taku rabin daƙiƙa. Yaron da ke nesa da ganga da tsawon filin ƙwallo, wajen mita 100, dukan yana isa kunnensa bayan kusan sulusin daƙiƙa, ya haura rabin taku ke nan. In ya bi kunnensa da gaskiya, dole ya makara. In kuma akwai dogon ginin azuzuwa ko katangar sakatariya a gefen fili, amon yana dawowa, sai yaro ya ji ganga biyu, bai san wacce zai bi ba. Maganin da sojoji suka sani shi ne a bi ido: ka dubi ƙafar na gabanka da sandar jagora. Da wani ya yi mini wannan bayani tun farkon aikina, da bulala da yawa ba ta sauka a bayan 'ya'yan mutane ba.

Sai faɗuwa, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Babu faretin da na halarta da ba a ɗauki yaro ko yarinya a sume ba. Ana tara su tun ƙarfe takwas, da yawa ko koko ba su sha ba, don sun fito da asuba daga ƙauye a bayan a-kori-kura. Manyan baƙi ba sa isowa sai sha ɗaya ko sha biyu. Daga nan a shiga jawabai, kowa sai ya gaishe da kowa da sarautarsa, su suna cikin inuwa da ruwan sanyi a gabansu, yara suna ƙame a rana. Mutum in ya daɗe a tsaye bai motsa ba, ya kuma ƙame gwiwa, jini yana taruwa a ƙafafu, wanda ke isa kai ya ragu, sai jiri, sai duhu, sai ƙasa. Mai babbar ganga da mai busa su suka fi shiga haɗari, ɗaya ga nauyi, ɗaya ga fitar da numfashi. Baba ya koya mana mu riƙa motsa yatsun ƙafa a cikin kambas, mu ɗan saki gwiwa yadda ba za a gani ba. Dabarar tana taimako, amma ba ta maye gurbin ƙosai da ruwan leda, ba ta kuma maye gurbin babban baƙon da zai zo a kan lokaci.

Kada a ɗauka rashin horo ne ko talauci kaɗai. A watan Yunin 2023, a birnin Landan, sojojin fadar Ingila suna gwajin faretin bikin sarki a gaban Yarima William, zafi ya kai wajen digiri 30, aƙalla uku suka zube cikin jajayen rigunansu da dogayen hulunan gashi. Ɗaya mai busa ne, ya miƙe yana tangaɗi yana neman ya ci gaba da busarsa, har masu agaji suka fitar da shi. Zafin da ya kayar da su, a Tudun Wada cikin watan Mayu sauƙi za mu kira shi.

A Amurka kuwa ganga da begila gasa ce babba ta matasa, ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Drum Corps International da ta fara gasarta a 1972. Tawaga ɗaya takan haura mutum ɗari, suna kiɗa suna busa suna zana siffofi da jikinsu a filin wasa. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda suke alƙalanci. A da, alƙali yana bin su ne da takarda, duk kuskuren da ya gani ya cire ɗigon maki. A farkon shekarun 1980 suka bar wannan tsari, suka koma auna wahalar abin da aka gwada da yadda aka iya shi. Yaransu ana koya musu tun a atisaye cewa in sanda ta faɗi ko mutum ya zame, ga yadda zai koma sahu. Mu a nan ba ma koyar da wannan ko kaɗan. Muna atisaye kamar ba abin da zai taɓa lalacewa, shi ya sa in ya lalace kowa sai ya daskare.

Na ga bambancin da idona a wani fareti a yankin Doguwa. Jagoran badujala, yaro dogo mai farar safar hannu, ya cilla sandarsa sama a gaban rumfa kamar yadda aka saba, rana ta kashe masa ido, sandar ta sauka can gefe. Bai tsaya ba, bai waiga ba. Ya ci gaba da ba da taku da hannu, wani ɗan sikawut ya ɗauko sandar ya miƙa masa a tafe, ya karɓa ya sara. Tafin da aka yi masa ya fi na makarantar da ta zo ta ɗaya. Da na tambayi malaminsu, ya ce da gangan yake sa su yar da sandar a atisaye, don su saba da ɗauka.

Wasu abubuwan kuma ba mai iya shirya musu. Dokin da ya saba da kakaki da kalangu a hawan salla yana iya zabura in aka gwara farantan ƙarfe a kusa da kunnensa, na ga ya watsa sahun 'yan mata har da rumfar masu shayi. Bayan 29 ga Mayun 2024, da aka sa hannu a dokar dawo da tsohon taken ƙasa na 1960, an yi watanni a taruka ana samun rabin fili suna rera wannan, rabi suna rera wanda aka saba da shi tun 1978, masu ganga a tsakiya ba su san wa za su bi ba. Begila dama ba ta iya fitar da ko ɗaya daga cikinsu, muryoyinta ba su kai ba.

Ranar da gangata ta fashe, da muka koma makaranta an riga an yanko bulala. Baba ya shiga tsakani. Ya kwantar da gangar a gaban hedimasta, ya bi bakin yagar da yatsa, ya nuna masa wata tsohuwar tsaga da ɓera ya fara tun bara, ya ce, "Ranka ya daɗe, fatar nan ta mutu tun jiya da dare, yaron nan jana'izarta kawai ya kai." Aka ajiye bulalar. Ranar kasuwa ya ɗauke ni a bayan kekensa muka je Kwanar Dangora, ya zaɓi fata da kuɗin aljihunsa, ya sa na riƙe masa kangon yana ɗaura ta yana ja, yana ƙwanƙwasawa yana sa ni in saurara. A faretin 1 ga Oktoba na shekarar, ni na kwana da gangar a ɗakinmu, a kan gadon innata, an lulluɓe ta da bargo.