Kafin Ka Sayi Tsohuwar Mota Mai Shan Gazuwal

Ya mai karatu, wataƙila ka daɗe kana tara kuɗi domin ka mallaki mota. Wataƙila ka kwashi adashe, ko ka sayar da shanu, ko wani ɗan'uwa da ke ci-rani ya aiko maka da gudummawa. Ran nan sai dillali ya kai ka wurin masu sayar da motoci a Yamai, ya nuna maka wata mai sheƙi, ya ce: "Gazuwal take sha, injinta ba ya mutuwa, ga kuma araha." Kafin ka zaro kuɗi daga aljihu, zauna ka karanta wannan bayani a tsanake. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Motar da aka saya da gaggawa tana iya cinye jarin gida gaba ɗaya, ta kuma jefa ran mai ita da na iyalinsa cikin haɗari.

Daga ina waɗannan motoci suke zuwa?

Yawancin motocin da ake sayarwa a Yamai sun riga sun yi aiki a wata ƙasa. Shekaru da yawa ana sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a biyo da su ta Malanbil da Gaya da Doso, tafiyar kimanin kilomita 1,000. Bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, ƴan kasuwa da dama suka koma tashar Lome, suna ratsowa ta Burkina Faso.

A 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto cewa tsakanin 2015 da 2018, ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa waje. Kashi 40 cikin 100 nasu Afirka suka zo.

Akwai dalilin da ya sa masu shan gazuwal suka yi araha a Turai. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. A 2015 aka gano kamfanin Volkswagen ya yi maguɗi wajen gwajin hayaƙin motocinsa. Daga nan ƙarin birane suka hana tsofaffin motocin gazuwal shiga cikinsu: Antwaf ta ƙasar Beljiyam ta fara a 2017, Burasels ta biyo baya a 2018. Masu motocin suka shiga rabuwa da su. Wasu daga cikinsu suna da sauran ƙarfi, wasu kuwa sun gama yayi. Aikinka shi ne ka bambance wannan da waccan.

Yadda injin gazuwal yake aiki

Gazuwal shi ne man da maƙwabtanmu na Najeriya suke kira dizal, daga sunan Rudolf Diesel, Bajamushen da ya ƙera injin a 1897. Injin fetur yana bukatar fulogi ya ba da tartsatsi kafin mai ya kama. Injin gazuwal kuwa matse iska yake yi har ta yi zafi ƙwarai, sannan a fesa mata mai, ya kama da kansa. Saboda wannan matsi ake ƙera shi da ƙarfe mai kauri. Shi ya sa yake jure doguwar tafiya da kaya masu nauyi, kuma ba ya shan mai kamar na fetur.

To, amma injin gazuwal iri biyu ne. Akwai na da, irin na Mercedes 190 D da Peugeot 504 da tsofaffin Toyota Hilux, wanda famfon mansa na ƙarfe ne zalla, makanikai da yawa sun san gyaransa. Akwai kuma na zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga 1997. Wannan kwamfuta ce take sarrafa shi, kuma ƴan bakunan da ke fesa mai, waɗanda makanikai ke kira injekta, ramukansu ƙanana ne ƙwarai. Ƴar ƙura ko ɗigon ruwa a cikin mai suna iya lalata su, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne.

Motocin Turai da aka ƙera daga wajajen 2010 suna da wata matata a cikin salansa mai tare baƙin hayaƙi. Ba ta wanke kanta sai mota ta yi doguwar tafiya da gudu. In aikinka daga Talaje zuwa Katako ne kullum, kana tsayawa kana tashi, matatar za ta toshe, mota ta rasa ƙarfi.

Yi lissafin mai da kanka

Mutane da yawa suna zaton gazuwal ya fi fetur araha. A Nijar abin ya canja. Ko da yake matatar SORAZ ta Damagaram tana tace mai tun 2011, a watan Agusta na 2022 an ƙara kuɗin litar gazuwal daga sefa 538 zuwa 668. A watan Yuli na 2024 aka rage shi zuwa 618, fetur kuma aka rage shi daga 540 zuwa 499.

Ɗauki alƙalami mu yi misali da farashin 2024. A ce motar gazuwal tana shan lita 6 a tafiyar kilomita 100, ta fetur kuma lita 8.

Gazuwal: 6 × 618 = 3,708
Fetur: 8 × 499 = 3,992
Bambanci: 3,992 − 3,708 = 284

Wato a kowace kilomita 100 ka tsira da sefa 284. In kana yin kilomita 1,000 a wata, ka tsira da 2,840. A shekara 34,080. Yanzu je ka tambayi makaniki kuɗin injekta huɗu ko famfon mai na motar da kake so, ka gwama da wannan riba. Ka kuma tambayi farashin lita na yau a gidan mai, ka sake lissafin.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne: mai jigilar kaya ko fasinja zuwa Doso, Maraɗi ko Damagaram, gazuwal na iya yi masa riba. Mai kai yara makaranta da zuwa kasuwa cikin gari, sau da yawa ƙaramar motar fetur ta fi dacewa da shi.

Me lambar kilomita take nufi?

A gaban direba akwai agogo mai ƙidaya tafiyar da mota ta yi tun fitowarta. In ka ga 300,000, ka tuna daga Yamai zuwa Damagaram kimanin kilomita 900 ne. Zuwa da dawowa 1,800 ke nan. Wannan mota kamar ta yi wannan tafiya fiye da sau 160.

Yawan lambar kaɗai ba ya nuna mota ta mutu. Injin da aka riƙa canja wa baƙin mai a kan lokaci yana iya wuce haka da lafiyarsa. Ƙarancin lambar ma ba ya nuna lafiya, domin akwai masu mayar da agogo baya. Saboda haka ka dubi sitiyari da kujerar direba da robar birki da ta kuloci. In sun cinye, amma agogo yana cewa 90,000, to akwai lauje cikin naɗi.

Nemi littafin gyare-gyaren motar. In an ce daga Beljiyam take, tambayi takardar da ake kira Car-Pass, wadda ƙasar ta fara aiki da ita a 2006 domin rubuta tarihin kilomita. Ba kowace mota ke isowa da ita ba, amma wadda ta zo da ita ta fi kwantar da hankali.

Yadda za ka duba motar

Ka je da makanikinka, wanda ya san injin gazuwal, kada ka dogara da wanda dillali ya kawo. Ku je da safe, da hasken rana. Ga abubuwa takwas da za ku duba:

1. Taɓa injin kafin a tayar. Ya kamata ya kasance da sanyi. Injin da ya gaji yana wahalar tashi da safe, shi ya sa wasu ke ɗumama shi kafin mai saye ya iso.

2. Dubi hayaƙi. Baƙi mai yawa yana nuna mai ba ya ƙonewa daidai. Shuɗi yana nuna injin yana shan baƙin mai. Fari wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana iya nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba.

3. Buɗe murfin baƙin mai. In ka ga abu fari-fari kamar kindirmo a jikinsa, wataƙila ruwa ya gauraya da mai. In inji yana aiki, hayaƙi yana bugowa da ƙarfi ta wannan baki, cikin injin ya cinye.

4. Dubi ruwan lagireto tun inji yana da sanyi. Kada ka taɓa buɗe shi da zafi, domin ruwan zai ƙona ka. A Yamai zafin watan Afrilu yana wuce digiri 40, motar da ba ta sanyaya injinta da kyau ba za ta kai damina ba.

5. Leƙa ƙarƙashin mota. Nemi yoyon mai da tsatsa da alamar walda. A Turai ana zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa yana cin ƙarfe. Ɗaga shimfiɗar ƙafa kuma: laka ko warin danshi alama ce ta motar da ruwa ya taɓa shanyewa, irin ambaliyar da aka yi a Yamai a 2020 da 2024.

6. Tambayi ranar da aka canja bel ɗin da ke daidaita bugun inji, in motar mai bel ce. In ya tsinke ana cikin tafiya, injin na iya lalacewa nan take. In babu takardar shaida, sa kuɗin sabo cikin lissafinka.

7. Karanta shekarun taya. A gefenta akwai lambobi huɗu. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Tsohuwar taya tana fashewa a kan kwalta mai zafi ko da zanenta bai cinye ba.

8. Ku tuƙa ta aƙalla rabin awa, a cikin gari da kan babbar hanya. Gwada birki da kowace giya. Lura da allurar zafi da fitilun gargaɗi.

In mai mota ya hana ka ɗaya daga cikin waɗannan, yi masa sallama ka tafi. Motoci ba su ƙare a kasuwa ba.

Takardu

Mota mai lafiya marar takardu matsala ce. Kowace mota tana da lambar shasi a buge a jikin ƙarfenta, a yawancin motoci mai haruffa da lambobi 17. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta. Karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ka gwama da wadda ke cikin katin mallaka, wato kart giriz, da takardar duwan. In harafi ɗaya ya saɓa, ko ka ga alamar an kankare wurin, kada ka saya. In karatunka bai yi ƙarfi ba tukuna, je da wanda ka yarda da shi, ku karanta tare. Matambayi ba ya ɓata.

Tabbatar an biya kuɗin duwan gaba ɗaya. Tabbatar sunan da ke katin shi ne na mai sayarwa, ko kuma yana da takardar izini daga mai ita. Ku rubuta takardar ciniki mai ɗauke da sunayenku da lambar shasi da kuɗin da aka biya da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, hukuma ta buga hatimi. Ku yanke ladan dillali tun kafin ciniki ya faɗa. Bayan haka ka mayar da katin zuwa sunanka, ka yi inshora, ka kai motar gwajin lafiya na hukuma. Kada ka hau hanya ba tare da su ba.

Bayan ka saya

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kuɗin saye. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsohuwar mota ba ta rasa gyara. Ware wani kaso tun farko domin takardu da gyaran watannin farko.

A makon farko ka canja baƙin mai da filtarsa, da filtar gazuwal da ta iska. Lokacin hunturu ka riƙa duba filtar iska a kai a kai saboda ƙura. Sha mai a gidan mai da ka sani, ka guji na jarka a bakin hanya. Kada ka bari tanki ya ƙafe. In an zuba maka fetur bisa kuskure, kada ka tayar da inji sai an zuƙe shi. In motar mai turbo ce, bayan doguwar tafiya ka bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin ka kashe. Kada ka bar shi yana aiki a rufaffen wuri ko kusa da inda yara suke kwana. Samu ƙaramin littafi ka riƙa rubuta ranar kowane gyara da lambar kilomita da abin da ka kashe.

Tambayoyin da za ka amsa kafin ka biya

Wane aiki motar za ta yi mini, doguwar tafiya ko zirga-zirgar gari? Akwai makanikin da ya san irinta kusa da ni? Ana samun kayan gyaranta a Yamai, kuma nawa ne? Takardunta sun cika? In ta tsaya wata guda, gidana zai ci abinci?

In amsar ɗaya daga cikinsu ba ta gamsar da kai ba, riƙe kuɗinka, ka ƙara bincike, ka shawarci direbobin da suka daɗe da irin motar. Allah ya sa ka saya a sa'a, ya kuma kiyaye hanya.